Kafin Rigimar Cefane Ta Kai ga Duka

Ƙannena maza da mata, waɗanda suka yi aure a 'yan shekarun nan da waɗanda aka sa wa rana, akwai maganar da ba a cika faɗa muku ba ranar ɗaurin aure ko daren kai amarya. Ana yi muku faɗa a kan haƙuri da biyayya da riƙon amana, duk kuwa daidai ne. Amma da wuya a zaunar da ku a ce ga abin da za ku yi ranar da aljihu ya bushe, zuciya ta ɗau zafi, kowa yana ganin laifin ɗan'uwansa. Wannan ranar tana zuwa, kuma a gidaje da yawa ita ce ranar marin farko.

Kun shigo aure a lokaci mai wuya. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da dama. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, a daidai lokacin da buhun shinkafa ɗaya ke iya cinye shi ɗungurungum. Mafi yawanku ma ba albashi kuke ɗauka ba, sai kun fita kun nemo ake ɗora tukunya.

Ku dubi gidan ɗan Adaidaita Sahu wanda mashin ɗin ba nasa ba ne. Ya yini a titi, da dare ya cire kuɗin mai, ya cire balas ɗin mai mashin, ya cire na tikiti da na facin taya, abin da ya rage shi ne na gida. Da safe ya ajiye wa matarsa kuɗin a bakin gado ya ce ga na cefane. Ta ɗauka ta juya, tana lissafin garin tuwo da kayan miya da manja da gawayi da sabulu, ga yaro ya kwana yana tari, ga mai kanti ya aiko a kan bashin makon jiya. Sai ta ce, "Wannan me zai saya?" Ita tambayar lissafi ta yi. Shi kuwa abin da ya shiga kunnensa shi ne bai cika namiji ba. Ya ce, "To in je in yi sata ne?" Ta ce, "Mijin wance ai ba sata yake yi ba, ga gidansa nan." Daga nan maganar ta bar kan cefane, ta koma kan uwarsa da ubanta da lefen da bai cika ba da kayan ɗakin da aka sayar. Ya nufi ƙofa, ta tare ƙofa ta ce ba inda zai je sai ya ba ta amsa. Hannu ya ɗagu. Yaran suna tsaye a tsakar gida suna kallo.

Masana sun daɗe da bin diddigin wannan hanya. A 1989 wani malamin jami'a, Rand Conger, shi da abokan aikinsa suka fara bibiyar iyalai 451 a karkarar jihar Ayowa ta Amurka, bayan durƙushewar da noma ya yi a can, manoma da yawa suka rasa gonakinsu saboda bashin banki. Abin da suka gano shi ne rashin kuɗi ba kai tsaye yake rushe aure ba. Da farko yana sa mutum ƙunci da rashin barci da saurin fushi, ƙuncin ya sa a daina tausasa harshe, sai gaba ta shiga tsakanin mata da miji. Sun kuma ga cewa ma'auratan da ke ƙarfafa wa juna gwiwa, suka iya zama su warware matsala tare, matsin bai yi musu irin ɓarnar da ya yi wa sauran ba, alhali aljihun duk ɗaya ne. A nan ne nake so ku tsaya ku yi tunani. Farashin kasuwa ba a hannunku yake ba, amma abin da ke faruwa tsakanin ƙuncin zuciya da ɗaga hannu ana iya koyon sarrafa shi.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Talauci bai taɓa marin kowa ba. Akwai masu dako da masu ga-ruwa da suka tsufa da matansu ba su taɓa ɗaga musu yatsa ba, akwai kuma masu benaye da motoci da matansu ke rufe kumburin fuska da niƙabi. Nana A'isha ta ba da labarin cewa akan yi wata biyu ba a hura wuta a gidajen Manzon Allah (SAW) ba, sai dabino da ruwa, ita ce kuma ta shaida cewa bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Da Fatima 'yar Ƙais ta nemi shawararsa a kan maza biyu da suka nemi aurenta, ya gaya mata ɗaya ba shi da dukiya, ɗayan kuma mai dukan mata ne. Ya ambaci abubuwan biyu daban-daban, domin daban suke. Wanda ya ce babu ce ta sa ya yi duka, ya tambayi kansa me ya sa bai mari mai mashin ba ranar da ya ƙara masa balas. Ya san wanda zai iya duka ya kwana lafiya, shi ya sa ya zaɓe ta.

Mu da muke da al'adar sulhu ai bai kamata a ce mun rasa mafita ba. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni, idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata, a tashi mai sasantawa ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Muna da waliyyai da masu unguwa da limamai, a Kano da wasu jihohi ga Hisba da ofisoshinta ke cika da ƙorafin aure kullum. Matsalar tana ga yadda muke yin sulhun. Mace ta yi yaji, an zo biko, an taru a zauren mahaifinta. A gaban mijin da surukai za a ce ta faɗi abin da ya faru, ita kuma kunya da tsoro su hana ta faɗin rabinsa. Shi ya sunkuyar da kai ya ce sharrin Shaiɗan ne. A ce mata tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ki yi haƙuri, ki rufa mana asiri, ki zauna saboda 'ya'yanki, mu ma haka muka zauna. Wani lokaci ma ita za a ce ta durƙusa ta ba shi haƙuri. A yi addu'a a shafa, a mayar da ita ɗakinta. Ba wanda ya tambayi nawa yake samu, nawa yake bayarwa, nawa ake bin su. Ba wanda zai leƙo bayan mako biyu ya ga yadda ake ciki. Iyayenmu da kyakkyawar niyya suke yi, ba na shakka, amma an rufe maganar ne kawai, abin da ya haddasa ta yana nan yana jiran wata safiyar.

Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 36 cikin ɗari na matan da suka taɓa aure sun fuskanci cutarwa daga mazajensu, ta duka ko ta tilastawa a shimfiɗa ko ta muzantawa. Cikin matan da aka ci zarafinsu, kusan ɗaya cikin uku ce kawai ta nemi taimako. Mafi yawan sauran sun haɗiye.

Akwai wani irin zama da ya bambanta da wannan, wanda ma'aurata ke yi a gaban mutumin da aka horar, ba sau ɗaya ba, mako bayan mako, ana koyon abubuwa ana gwadawa a gida ana dawowa da labari. Wasu za su ce wannan sai Turawa masu kuɗi. Hujja mai ƙarfi a kan amfaninsa kuwa daga ƙauyukan Afirka ta fito. A Ruwanda an yi wani shiri mai suna Bandebereho, inda magidanta masu ƙananan yara ko masu jiran haihuwa ke zama sau 15 a ƙananan rukunai, matansu na halartar kusan rabin zaman. An gwada shi a kan ma'aurata 1,199, aka raba su gida biyu, wasu suka shiga wasu ba su shiga ba. Bayan wata 21, kashi 33 cikin ɗari na matan waɗanda suka shiga ne suka ce an dake su a shekarar da ta gabata, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 57. Da aka koma bayan shekara shida, bambancin yana nan. Wani shirin a ƙasar, Indashyikirwa, daga ƙungiyoyin asusu da lamuni na ƙauye ya ɗebo ma'auratansa, wato masu irin adashenmu, suka yi zama 21 cikin wata biyar, nan ma duka ya ragu sosai. A Yuganda malaman addini aka horar suka riƙa zama da ma'auratan unguwanninsu, aka kuma ga sauƙi. Kusa da mu, a jihar Damagaram ta Nijar, tun wajen 2008 aka fara makarantun mazaje, inda magidanta ke haɗuwa su tattauna lafiyar matansu da zuwa awo da haihuwa a asibiti. Ba don hana duka aka kafa su ba, amma sun nuna cewa magidanci Bahaushe yana zama ya saurara idan an kira shi cikin mutunci.

Kashi 33 ɗin nan na Bandebereho ba kaɗan ba ne, kada mu yaudari kanmu. Zaman bai kawar da duka ba. Amma a cikin kowane gida ɗari, fiye da ashirin sun tsira daga abin da da ya same su, kuma ba a ƙara wa kowa albashi ba.

Me ake yi a irin wannan zama? Mai ba da shawarar da ya san aikinsa ba ya fara haɗa su. Zai ga matar ita kaɗai, ya tambaye ta ko tana jin tsoron mijinta, ko za ta iya faɗin gaskiya a gabansa ta koma gida lafiya. Zai ga mijin shi kaɗai. A tsarin da Sandra Stith da abokan aikinta suka tsara a Amurka, makonni shida na farko daga cikin goma sha takwas a rabe ake yinsu. Kafin a haɗu, mijin zai amsa da bakinsa cewa ya yi duka, laifinsa ne, kuma ya daina, ba tare da ya rataya shi a wuyan Shaiɗan ko bakin matarsa ba.

Sannan a koya wa kowa sanin alamun fushinsa. Wani kunnuwansa ne ke ɗaukar zafi, wani muryarsa ke rawa, wata kuka ne ke taso mata ta fara maimaita magana ɗaya. John Gottman, wanda ya shafe shekaru yana auna bugun zuciyar ma'aurata suna gardama, ya lura cewa idan bugun ya haura kusan 100 a minti ɗaya mutum ba ya ƙara fahimtar abin da ake gaya masa, kuma jiki yana buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya lafa. Saboda haka ake sa su yi yarjejeniya tun suna cikin daɗi: duk wanda ya ji ya kai wannan matakin zai ce a dakata, ya fita, ɗayan ba zai tare ƙofa ba, ba zai bi shi da magana ba. Wanda ya fita kuma dole ya faɗi lokacin da zai dawo, misali bayan la'asar, ya dawo ɗin a ƙarasa maganar. Wannan sharaɗin na biyu shi ne ke sa matar ta yarda ta matsa daga ƙofa, domin abin da ke sa ta tarewa shi ne ta san in ya fita maganar ta mutu ke nan. Mu da aka koya wa cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, ya yi alwala, ya yi shiru, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da muka rasa shi ne yin yarjejeniyar tun kafin wutar ta kama.

Sai maganar kuɗi, wadda a ganina ita ce zuciyar aikin a halin da muke ciki. Ana ɗauko takarda da biro. Miji ya faɗi abin da yake samu a rana mai kyau da rana maras kyau. Mata ta faɗi farashin kwanon masara da kwalbar manja na wannan makon, ba na bara ba. A rubuta bashin mai kanti, kuɗin haya da watan da zai cika, kuɗin makaranta, zubin adashe, abin da yake aika wa mahaifiyarsa, abin da take kashewa a anko da gudummawar biki. Sau da yawa a nan ne karon farko da mace ke sanin mijinta ba ɓoye kuɗi yake yi ba, shi kuma ya san ba almubazzaranci take yi ba. Wani lokaci kuma takardar takan tona abin da ba a so: cacar ƙwallo a waya, ƙwaya, ko neman aure na biyu alhali na farko bai ƙoshi ba. Gara ta tona. Idan akwai shaye-shaye, sai an nemi maganinsa a asibiti, don zaman shawara kaɗai ba ya riƙe hannun wanda ya bugu.

Kai ƙanena, na san an raine ka a kan cewa namiji ba ya bari mace ta san samunsa, wai za ta raina shi ko ta buɗe ido. Duba abin da wannan ɓoyon ke jawo maka. Tana auna ka da abin da take zato kana da shi, kullum kana faɗuwa a jarrabawar da ba ka san an shirya ba. Alƙur'ani a Suratuɗ Ɗalaƙ ya ɗora wa kowa ciyarwa gwargwadon abin da aka hore masa, ba abin kunya ba ne ka ce yau ga iyakar abin da na samo. Idan tana sana'a a cikin gida, ɗinki ko ƙosai ko sayar da kaya ta waya, kuɗinta nata ne a shari'a. In ta taimaka ka gode mata a fili, kada ka ƙwace, kada kuma ka ji haushin cewa ta samu ranar da kai ba ka samu ba.

Ke kuma ƙanwata, ba na ɗora miki alhakin hannun kowa, ko me kika faɗa ba ki cancanci duka ba. Amma ki sani raini yana kashe aure, Gottman ma ya same shi a gaba cikin alamun da ke nuna aure zai mutu. Kwatanta shi da mijin wata, gori a gaban yara, kiransa matsiyaci, duk suna sa ya daina jin ainihin kukanki, wanda gaskiya ne. Faɗi abin da ya ƙare da abin da ake buƙata da ranar da ake buƙatarsa. Kuma mata ma suna duka, suna jifa, wasu sun kai ga wuƙa da tafasasshen ruwa, mun ji shari'o'insu a kotuna. Wannan ma zalunci ne, hukuncinsa ɗaya.

Yanzu ga gargaɗin da ya fi duk abin da na faɗa nauyi. Ba kowane gida ne wannan zaman ya dace da shi ba. Wani masanin zamantakewa, Michael Johnson, tun a 1995 ya bambance iri biyu. Akwai rikicin da ke tasowa daga gardamar da ta ƙwace, kamar na gidan ɗan Adaidaitan nan. Akwai kuma mijin da ya mayar da tsoro hanyar mulki: yana bincikar wayarta, ya hana ta zuwa gidan iyayenta, ya ƙwace kuɗin sana'arta, ya hana abinci don horo, ya kulle ta, ya ce in ta faɗa wa wani zai kashe ta ko ya raba ta da 'ya'yanta. Irin wannan a waje sau da yawa mai fara'a ne, a zauren sulhu ya fi kowa ladabi. Haɗa shi da matarsa a zaman shawara haɗari ne, domin duk abin da ta faɗa a can za ta biya shi da dare. Idan ya taɓa shaƙe miki wuya, ko ya dake ki kina da ciki, ko ya zaro makami, maganar ta wuce gyaran aure, ta zama ta tsira da rai. Bincike a Amurka ya nuna matar da mijinta ya taɓa shaƙewa haɗarin ya kashe ta ya ninka kusan sau bakwai. Ki gaya wa wanda zai yarda da ke, ki je asibiti a duba ki a rubuta, ki ajiye takardar a wani gida, ki san inda za ki kwana da yaranki idan dare ya yi muni.

Addini bai ce ki zauna a kashe ki ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke bi, alƙali yana da ikon raba aure idan cutarwa ta tabbata, ko da mijin bai so ba. Gaskiya ne tsohon kundin Final Kod da ya fara aiki a Arewa a 1960, a sashe na 55, ya bar wa miji ƙofar abin da ya kira ladabtar da mata, kuma wannan abin takaici ne. Amma dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ake kira VAPP, ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara uku a kan dukan abokin aure, ta kuma ba kotu ikon hana mai cutarwa kusantar wadda yake cutarwa. Jihohi da dama, ciki har da Kaduna da Bauchi, sun mayar da ita dokarsu. Ƙungiyoyi irin su FOMWAN da WRAPA da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA sun saba karɓar irin wannan kuka. Ku kuma 'yan'uwanta maza, idan ta zo gida da rauni, kada ku zama masu mayar da ita a daren.

Ƙwararrun masu ba ma'aurata shawara ba su da yawa a garuruwanmu, a ƙauye ma babu. Don haka galibinku wurin malami ko fasto ko jami'ar walwalar jama'a ko wata dattijuwar dangi za ku je, kuma ba laifi, in dai kun zaɓa da kyau. Ku nemi wanda zai ji kowa shi kaɗai kafin ya haɗa ku, wanda ba ya kai maganarku majalisa, wanda zai iya kallon namiji ya ce masa duka haramun ne a gidan nan ba tare da ya kunyata shi ba, wanda ba ya ƙyamar zancen naira da kwabo, wanda kuma zai ce ku dawo mako mai zuwa. Wanda ya fara da "ki yi haƙuri" kafin ya ji labari, ku gode masa ku nemi wani. Kada ku jira sai an yi mari. Ranar da kuka lura gardama ɗaya ce kuke maimaitawa, muryoyi na ƙara sama kowane karo, an fara jifa da kofi ko buga ƙofa, ranar ya kamata ku je.

Waɗanda ba a ɗaura ba tukuna, kuna da damar da na gabanku ba su samu ba. Aure da yawa da bashi ake shigarsa, na lefe da na kayan ɗaki da na wurin biki, sai amarci ya ƙare masu bin bashi su fara sallama. A zancenku na gaba ku ajiye hirar kalar anko, ku tambayi juna nawa aka ranto, wa zai biya, cikin wata nawa, kuɗin cefane na rana ne ko na mako, za ta yi sana'a ko karatu, me za a yi watan da ba a samu ba. Ke ki sa a bincika miki yadda yake yi da ƙannensa mata in ya yi fushi, in ya taɓa aure a ji dalilin fitar ta farko daga bakin da ba nasa ba. Sannan ku zaɓi mutum biyu, ɗaya daga ɓangarenki ɗaya daga nasa, waɗanda ku duka kuka amince da adalcinsu. Ku sanar da su tun kafin biki cewa ku kuka zaɓe su, kuma kowannenku yana da izinin kiransu ba sai ya nemi yardar ɗayan ba.